Yatsu Ukun Baba

Asabar, 24 ga Yuni, ƙarfe shida na safe

Akwai taya a ƙarƙashin gadona. Shekarata hamsin da uku, ashirin da shida daga ciki na yi su ina tsare ɗakin karatu a makarantar sakandare, kuma jiya da yamma na saci tayar babur a bayan shagon ubana kamar ɓarauniyar kaji.

Bari in rubuta abin a jere, domin a garinmu Sincelejo labari kan sauya riga sau uku kafin rana ta take.

Jiya da safe Dagoberto, wanda muke kira Dago, ɗan acaba mai riga lamba arba'in da bakwai, ya faɗi a gangaren hanyar Tolú ɗauke da Inna Candelaria mai cuku. Ita ƙugunta ya karye. Shi kuwa kansa ne ya bugu da kwalta, har yanzu bai farka ba. Aka loda babur ɗin a a-kori-kura aka sauke mana a ƙofar shago, tunda a nan yake facinsa tun yana haya. Ƙanena Wilfrido ya fito, ya tsugunna gaban tayar gaba. Ya kwance ta da saurin da ban taɓa gani ya yi wa mai jiran aiki ba, ya cusa ta ƙarƙashin tulin da ake kwashewa ranar Litinin. Daga nan ya wanke hannu. Wilfrido, wanda ke cin rogo da baƙin mai a farce tun yana ɗan shekara goma, ya wanke hannu da sabulu har sau biyu.

Shi ya sa na ɗauko ta.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Ɗakin duk warin roba. Na buɗe taga, ƙudaje suka shigo.

Lahadi, 25 ga Yuni, bayan coci

An ce Dago ya sha barasa. Kafin fada, limamin cocinmu, ya gama addu'ar rufewa maganar ta zagaye bencina shida. Matan da suka gama karɓar tsarkakakken gurasa, ko haɗiyewa ba su gama yi ba, suka tsaya a inuwar mangwaro suna cin naman mutumin da ke kwance da tiyo a hanci.

"Ai an ce warin barasa tun daga ƙofar asibiti."

"Da sassafe fa! Da tsohuwa a bayansa!"

"Dama shiru-shirun nan nasa ban taɓa yarda da shi ba."

Na ce, "Shekara nawa kike hawa bayansa zuwa kasuwa, da shiru-shirun nasa?" Ta ce, "Kai, Malama Edelmira, ke dai ba a magana a gabanki." Na ce ana yi, in magana ce.

Dago ba ya sha. Kowa ya sani. Ubansa barasa ce ta kashe shi a bakin kwata, kuma a bikin aurensa ma lemo ya riƙe. Amma gaskiya ba ta da daɗin taunawa kamar wancan.

Litinin, 26 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Mai sayar da kofi mai zafi da ke zagayowa da tulunansa ya warware mini. Yana wurin lokacin da abin ya faru. Ya ce babur ɗin na tafiya lafiya, ba gudu ba, sai gaban ya fara rawa, sai ƙasa. Mutane suka taru. Wani direban motar shanu ya zaro kwalbar barasar rake daga aljihu ya kwarara wa Dago a fuska da wuya da ƙirji, yana marinsa yana cewa tashi.

Haka muke. Wanda ya suma, barasa. Wanda kunama ta harba, barasa. Jariri na zazzaɓi, a shafe shi da barasa. Mu jiƙa mutum sharkaf da hannunmu, mu kai shi asibiti, mu toshe hanci mu ce mashayi ne.

Na ce wa mai kofi, "Ka faɗa wa ƙungiyarsu ta 'yan acaba?" Ya ce, "Malama, ni kofi nake sayarwa, kuma 'ya'yan Inna Candelaria uku ne, kowanne ya fi firji faɗi." Ya zuba mini ƙaramin kofi ya ce kyauta ne. Ban sha ba.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na jawo tayar tsakar ɗaki, na sa tabarau.

Baba yana da doka ɗaya, kuma duk ɗan acaban da ya haura arba'in a garin nan ya san ta. Yakan ɗora yatsunsa uku a tsakiyar taya, inda take taka ƙasa. Hujin da ya faɗa ƙarƙashin yatsun nan ana gyara shi: a cire taya daga wili, a duba cikinta da ido da hannu, a kankare wurin, a shafa sulushan, a jira ya sha iska, a manna faci ta ciki, a danne, a hura, a tsoma a bahon ruwa a ga ko akwai kumfa. Hujin da ya fita daga yatsun, a kafaɗa ko a gefe, ba a gyara shi, domin gefen taya lanƙwashewa yake yi a kowane juyi, duk abin da ka cusa masa sai ya tofar. Irin wannan Baba kan zaro wuƙarsa mai ƙotar ƙaho ya tsaga ta a gaban mai ita, don kada wani ya tsince ta ya sayar. An zage shi, an taɓa shaƙe masa wuya. Ya ce gara su zage shi da bakinsu da matansu su zage shi a makabarta.

Wilfrido ya ajiye wuƙar a aljihun tebur shekara shida da suka wuce, mako guda bayan binne Baba. Shi lagwani ya sani: wannan igiyar roba mai danƙo da ake sokawa ta waje ba a ko cire taya ba. Minti uku, an gama, na gaba ya matso. A tsakiyar taya lagwani na iya kai mutum gida ya zo a yi masa na gaske. A kafaɗa kuwa, igiya ce aka ɗaura wa mutum a wuya aka ce je ka.

Na ɗora yatsuna uku. Hujin yana can waje, da tazarar wani yatsan. Bakinsa ya yage, danƙon lagwani na nan a gefensa, lagwanin babu.

Na mayar da ita ƙarƙashin gado. Na wanke hannu.

Talata, 27 ga Yuni, da safe

Wilfrido ya birkice tulin tayoyi jiya kafin masu kwasa su iso. Yau ya tambaye ni, yana kallon kwampresa maimakon fuskata, "Yaya, ko kin ga wani ya shiga baya?"

"Me ya ɓata?"

"Ba komai."

"To ba-komai ɗin ne ya shiga."

Ya ci ƙwai a cikin wainar masara guda uku a tsaye, mai na gangaro masa a haɓa. Uwa ɗaya ta haife mu. Ina yawan tuna wa kaina.

Laraba, 28 ga Yuni, da rana

Shafi na 212 na littafin da nake karantawa. Na buɗe, na rufe.

Juma'a, 30 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Na je asibiti da miyar doya da cuku a kwano. Yuranis, matar Dago, na zaune a kujerar roba a baranda, rigar acabarsa mai ruwan lemo a ninke a cinyarta, lamba arba'in da bakwai a sama. Ta wanke ta, amma jinin bai fita daga wuyan ba.

Na ce, "'Yata, ya mai jiki?"

"Yana nan, Malama."

"Ga miya."

"An gode, Malama."

Ta karɓa ta ajiye a ƙasa, ba ta buɗe ba. Yarinyar nan na san ta tun tana aji biyu tana ɓoye littattafan soyayya a cikin na lissafi. Da can in ta gan ni sai ta rungume ni har ta ɓata mini kwalliya. Yau kallona ta yi irin kallon da ake yi wa mai kawo takardar wuta. Na ce gajiya ce. Mako guda a kujerar roba, kowa ma haka zai yi.

Gajiya ce.

Lahadi, 2 ga Yuli, da yamma

Don Eustorgio, shugaban ƙungiyar 'yan acaban bakin kasuwa, ya zo shago a hura masa taya. Mutumin da rabonsa da ɗaukar fasinja tun kafin tumbinsa ya rufe masa tankin mai. Ya ce za su zauna ranar sha biyar ga wata, jajibirin bikin Budurwa Maryamu ta Karmen, uwar direbobi, su karɓe rigar Dago su ba wani. Dokar ƙungiya ce: wanda ya sha ya ɗauki fasinja, ba shi ba riga har abada, kuma ba ƙungiyar da za ta karɓe shi a garin nan.

"Ba za mu shiga jerin gwanon Uwarmu da ƙazanta a cikinmu ba, Malama. Mutuncin sana'a ne."

Na ce, "An gwada jininsa?"

"Hanci ya isa gwaji."

"Naka hancin kuwa ya san warin sosai."

Ya yi dariya, Wilfrido ya taya shi da ƙarfi fiye da kima. 'Ya'yan Dago biyu ne, na uku na ciki. Babur da rigar nan su ne gonarsa. In aka karɓe rigar da wannan suna, ko ya tashi, gadi ma ba mai ba shi.

Ni kuma taya na ƙarƙashin gadona, na zauna ina yi wa mai tumbi baƙar magana, ina jin daɗin kaifin bakina.

Talata, 4 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Dago ya farka.

Talata, ƙarfe uku na rana

Ya gane matarsa, ya gane 'ya'yansa, ya nemi ruwa. Amma Alhamis da Juma'ar nan sun goge a kansa ƙal. Abu na ƙarshe da ya tuna shi ne aski da ya yi ranar Laraba. Likita ya ce wataƙila su dawo, wataƙila ba za su dawo ba. Da aka gaya masa an ce ya sha, sai ya yi kuka ya ce in haka ne Allah ya yafe masa, shi bai sani ba.

Mutum na neman gafarar zunubin da bai yi ba, don gari ya gaya masa ya yi.

Wilfrido ya ji labarin a shago. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Da rana ya ci shinkafa da kifi kwano biyu, ya kunna rediyo, ya yi wa kwampresa rawa.

Abin da ba zan yafe ba shi ne nawa kafaɗun ma sun sauka. Na ji su.

Alhamis, 6 ga Yuli, da hantsi

Ba na iya tafiya a titi kamar mutane. Idona na kan tayoyi. Daga gida zuwa kasuwa na ga lagwani a kafaɗa har huɗu, uku a tayar gaba, wutsiyarsu a waje kamar tsutsa ta leƙo daga mangwaro. Duk na san baburan. Duk daga shagonmu. Ɗaya na ɗauke da mace da yara biyu da tukunyar gas.

Garin nan gaba ɗaya a kan lagwani yake tafiya, kowa na cewa ai ya kai ni jiya.

Asabar, 8 ga Yuli, bayan an rufe shago

Na gaya wa Wilfrido tayar tana wurina.

Ya daɗe yana goge sifana ɗaya da tsumma. Sannan ya ce, "Me za ki yi da ita?"

"Zan kai wa ƙungiya."

"Sunan wa ke jikin allon can, Yaya? Nawa? Na Baba ne. Shekara arba'in. Ki kai, gobe su jefe allon da duwatsu, 'ya'yan Candelaria su zo su ƙone mu a ciki."

"Kai ka soka."

"Ni na soka. Shi ya ce yana sauri. Duk cewa suke suna sauri. In na ce a sayi sabuwa su tafi wurin na gaba, shi ya soka musu. Ke kin taɓa ciyar da gida da yatsu uku?"

"Baba ya ciyar da kai da su, ga shi har ka yi wuya."

Sai ya ajiye sifanar ya dube ni, karon farko cikin mako biyu, ya faɗi wata magana. Ba zan rubuta ta ba.

Lahadi, 9 ga Yuli

Ban je coci ba. Ban dafa komai ba.

Litinin, 10 ga Yuli, da rana

Na wanke hannu har fatar ta fara tsagewa. Warin ba a hannun yake ba.

Laraba, 12 ga Yuli, ƙarfe shida na safe

Shekara ashirin da shida ina gaya wa 'ya'yan mutane kada su tsallake shafi don bai yi musu daɗi ba. To.

Abin da Wilfrido ya ce shi ne: "Ai ba ni ya tambaya ba."

Ranar Alhamis, ashirin da biyu ga Yuni, wajen huɗu da rabi. Ina kan kujerar Baba a bakin shago, littafi a cinyata. Matar cikin littafin na tsaye a tashar jirgin ƙasa da akwati, jirgi na huci, tana shawarar ko ta hau ko ta koma wurin mijin. Dago ya turo babur, ƙusa a tayar gaba. Na ɗaga ido sau ɗaya, na ga inda ƙusar take. Na gani sarai. Na mayar da ido kan shafi.

Wilfrido ya zare ƙusa, ya soka lagwani, ya yanke wutsiyar, ya hura, ya tofa yawu a kai, ba kumfa. Dago bai hau ba. Ya tsaya yana juya hular kwano a hannu, ya zo gabana ya rage murya don kada Wilfrido ya ji haushi.

"Malama, ke 'yar tsoho ce. Zai riƙe?"

Ban ɗago ba. Na ce, "Zai riƙe."

Don ina so in san ko matar ta hau jirgin.

Ba wanda ya ji sai mu uku. Ɗaya ya manta, ɗaya ba zai taɓa faɗa ba domin nasa wuyan na ciki. Ina iya ɗaukar tayar nan in kai, in nuna hujin, in ce ƙanena ne, in fito fes, jarumar gari, Malamar da ta fifita gaskiya kan jini. Har na tsara jimlolin. Sun yi kyau ƙwarai. Na iya jimla.

Juma'a, 14 ga Yuli, da yamma

Sun fara ƙawata baburan: ribon, furannin roba, hoton Budurwa a kan fitila. Wani ya ɗaura balan-balan shida a babur ɗin da tayarsa ta gaba ta yi sanƙo kamar gwiwata. Jibi fada zai yayyafa musu ruwan albarka su yi ta hon har kunne ya toshe, su tafi da tabbacin ba abin da zai same su shekara guda. Sun ɗora wa baiwar Allah aikin mai faci.

Na buɗe aljihun tebur. Wuƙar na nan ƙarƙashin tsoffin bawul, ta yi tsatsa a baki. Na wasa ta a dutsen bayan gida. Wilfrido na jin ƙarar, bai fito ba.

Asabar, 15 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

A rumfar kwanon bayan kasuwa suka zauna, su kusan sittin, ga 'ya'yan Inna Candelaria uku a tsaye a baya sun naɗe hannu. Yuranis na gefe da rigar a cinya. An sallami Dago shekaranjiya amma ba ya iya tsayuwa, ita ta zo miƙa ta.

Don Eustorgio na tsakiyar jawabi kan mutunci na shigo da taya a kafaɗa. Wani ya ce, "Malama ta shiga sana'a!" Wani ya ce, "A ba ta riga!" Aka yi dariya. Na jefa ta kan teburin, kofinsa ya kife.

"Malama Edelmira, wannan zaman 'yan ƙungiya ne."

"Wannan ma 'yar ƙungiya ce. Ta fi ka zuwa aiki."

Na ce tayar gaban Dago ce. Na kira Anselmo, wanda ya fi kowa tsufa a cikinsu, wanda Baba ya taɓa tsaga wa taya biyu a wata ɗaya, na ce ya ɗora yatsunsa. Ya ɗora. Ya dubi hujin, ya dubi danƙon, ya cire hularsa ya sosa kai.

"Lagwani ne ya fita," ya ce. "A gangare, a tayar gaba. Ko fada ne a kai sai ya faɗi."

Na gaya musu na direban shanu da kwalbarsa. Mutum biyu a cikinsu suka ce ai haka ne, su ma sun ji. Sun ji! Mako uku suna zaune a kan abin da suka ji kamar kaza a kan ƙwai.

Babban ɗan Candelaria ya matso. "Wa ya yi facin?"

"Shagon ubana."

"Wa?"

Ga jimlolina masu kyau a bakina, a jere, a goge. Na dubi Yuranis. Ba ni take kallo ba, rigar take kallo.

Na ce, "Hannun ƙanena ne ya soka. Dago bai yarda ba, ya tambaye ni ko zai riƙe. Na ga inda hujin yake, na san dokar, na ce masa zai riƙe. Da na ce a'a da bai hau ba. Uwarka na kwance saboda bakina."

Ba a taɓa zagina haka ba. Wasu kalmomin ban ma san ana haɗa su ba, ni da na yi rayuwata cikin ƙamus. Babban ɗan ya ɗaga hannu, Anselmo ya shiga tsakani da sandarsa. Na tsaya. Abin mamaki, tun ranar ashirin da uku ga Yuni ban ji numfashina ya sauka har ciki ba sai a lokacin.

Ba su karɓi rigar ba. Don Eustorgio ya ce dama shi tun farko yana da shakka. Na ce duk wanda ke da lagwaninmu a kafaɗa ya zo gobe kafin jerin gwano. Da na juya, kujerar Yuranis ba kowa.

Lahadi, 16 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An jefi allon. Dutse biyu, ɗaya ya tafi da rabin sunan Baba.

Duk da haka sun zo, da ribon ɗinsu da balan-balan, fuska a murtuke. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsu uku. Bakwai na samu. Na sauko da sababbin tayoyi daga kan kanta, Wilfrido na zaune a kan bokiti yana kallo, bai hana ba, bai taimaka ba. A ta huɗu hannuna ya gaza ɓanɓare taya daga wili, ƙarfen ya kuɓuce ya fasa mini babban yatsa. Sai ya tashi ya karɓe, ya ƙarasa sauran. Ni na tsaga tsofaffin, kowacce a gaban mai ita. Roba ta fi yadda nake tsammani tauri. Baba bai taɓa nuna yana shan wuya ba.

Ɗaya ya ce, "Wata huɗu ina kan wannan, ba abin da ya same ni, mayya kawai." Na ce ya gaishe da matarsa.

Yanzu suna wucewa ta ƙofa, ɗaruruwa, hon kamar tashin duniya.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Na je gidan su Dago da miya. Yuranis ta tare ni a ƙofa, cikinta a gaba. Ta bayanta ina hango Dago kwance a kan ragar lilo, kai a naɗe, rigar rataye a ƙusa saman kansa.

Na ce, "'Yata, na zo in gaya masa da bakina. Kin ji abin da na faɗa jiya."

"Ba jiya na ji ba, Malama."

Na ce, "Yaushe?"

"Ranar Alhamis ɗin da ya dawo na ga abin a tayarsa, na ce kada ya fita da shi. Ya ce in kwantar da hankalina, Malama ta duba, ta ce zai riƙe."

"Kin sani tun ranar? Me ya hana ki faɗa?"

"Wa zan gaya wa? In ce Malama Edelmira, mai littattafai, 'yar tsoho? Ni matar mashayi?" Ta gyara tsayuwa. "Kullum ina kallon ƙofar asibiti. Na ce za ta zo ta faɗa. Kika zo da miya."

Ba ta ɗaga murya ba. Na tsaya da kwano a hannu yana ƙona ni.

Daga ciki Dago ya ce, "Wace ce?"

Yuranis ta dube ni. Sannan ta matsa gefe kaɗan, daidai faɗin mutum ɗaya.

"Ajiye kwanon a waje," ta ce. "Ki shiga ki gaya masa."